Kai Binta Ta Fara Rubuta Wa

Zuwa ga Malam Iro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, akwai maganar da na daɗe ina dannewa, yau zan amayar da ita.

Na yi kishinka, Malam. Har gobe ban warke ba.

Ka tuna firamarenmu ta gefen Kunci, shekarun da gero ya ƙi, babu littafi, alli kuwa sai mun karya shi uku? Tun daga bakin rijiya ake jin ajina: ba, be, bi, bo, bu. Ni kuwa sai hura hanci. Naka ajin shiru, har nakan ce barci kuke yi.

Rannan ka leƙo, 'yata Binta tana rera abin da ke allo ba gargada. Ka ɗora yatsa kan wata kalma a tsakiya. Ta yi tsuru-tsuru. Ka matsa kan wata, nan ma ta kasa. Ashe hadda take yi, shekara biyu, a hannun ubanta. Kunya ta kama ni, amma kai na ji wa haushi.

Ka ce in ba ka ita. Ba ka yar da baƙaƙena ba, da su kuke buɗe safiya. Da hantsi kuma sai ka fito da wasiƙun 'yan ci-rani, waɗanda matansu suka yarda a karanta, yara su farauto haruffan da suka sani, su rubuta amsa a ƙasa da tsinke. Kakan ce yaro ba ya son harafi sai ya ga amfanin da zai yi masa.

Kafin kaka Binta ta rubuta wasiƙarta ta farko a takardar buhun siminti. Na tsince ta a jakarta, na ɗauka tawa ce. Sunanka ne a sama. Na ɓoye ta, Malam. Ta nema har ta gaji, kunya ta hana ta sake wata. Har ka koma ga Allah ba ka san an rubuta maka ba.

Ga saƙonka: "Malam na gode. Yanzu ina gane abin da allo yake faɗa. Ka koya wa Baba shi ma."

Na koya, abokina. Ta tagar ajinka na koya, a sace, girman kai ya hana ni shigowa in ce na gode.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, ni kuma Ya yafe mini wannan zalunci.

Naka, mai kishinka,
Garba