Tarin Injina A Cikin Wasanku

Zuwa ga Shugaban sashen wasannin kwaikwayo na gidan rediyo, ta hannun Edita.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ne Iro mai injin niƙa na bakin kasuwar Tudun Wada, Zariya. Na zo ofishinka, masinja ya ce kana Kaduna. Na koma, ya ce kana taro. Shi ya sa na biyo ta jarida, don lokaci ya ƙure mini.

Ni ban ci gadon kowa ba. Na bar makarantar Midil ban ƙarasa ba, na yi karen mota, na koyi makanikanci, da gumina na sayi injin nan. Na faɗi haka ne don ka san ba mutumin da ake razanawa da sauƙi ba ne yake rubuto maka. Amma yau a tsorace nake, kuma wasanku mai suna "Ina Aka Kai Su?" shi ne sanadi.

Na ɗaya. Kafin a fara wasan, ma'aikacinka ya zo da na'urar ɗaukar magana, ya ce kuna neman ƙarar mota, gidan rediyo kuma ba shi da babbar mota. Na yarda, har na tsayar da layin masu niƙa na tayar masa da inji. Bai gaya mini motar masu sace mutane ce ba. To, injina yana da wani tari: in ya ɗauki gudu sai ya sarƙe kamar tsoho ya ƙware da tuwo, sannan ya miƙe. Ku a ofis mota kuke ji. Amma babu macen da ke aiko da dawa daga nan har unguwar Kongo da ba ta san tarin nan ba.

Na biyu. A wasan, duk sanda wani zai ɓace sai an ji wannan ƙara. An ji ta kafin mai tallar fura ta ɓace, an ji ta kafin malamin asibiti, an ji ta kafin ɗan dako. Da farko abin raha ne a teburin mai shayi, inda ake taruwa ƙarƙashin akwatin rediyo. Da ni ake musun ko wane ne ke sace mutanen. Sani tela ya rantse Sufeton da ke binciken shi ne ɓarawon, don kullum sai an gama ta'asa yake isowa. Ni ma ra'ayina ke nan. Wasu suka ce sarkin tasha ne. Ana tsokanata, "Malam Iro, yau wa injinka zai ci?" Ina dariya.

Baba Audu, tsohon soja, shi ya juya zancen. Ya ce ai wanda ke ba da labarin wasan shi ne dai mai karanta mana labarun duniya da sanarwar gwamnati, murya ɗaya. "Gwamnati ba ta wasa," in ji shi. "Abin da ba ta iya faɗa a labarai shi take sakawa a wasan kwaikwayo, mai kunne ya ji." Ba wanda ya yi dariya. Ni ma kofina na ajiye.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Akwai wani Ɗanjuma, ɗan dako na gaskiya, mai kawo mini buhuna. Ya daɗe yana cewa zai tafi Jos haƙar kuza, kuma ya tafi bai yi wa kowa sallama ba, kamar yadda irinsu ke yi. Sai tafiyarsa ta zo daidai da satin da ɗan dakon wasanku ya ɓace. Yanzu lissafin gari ya cika: ga ƙarar inji, ga ɗan dako, ga mutumin da jiya yake rataye a bayan mota yau yana da inji. Dama an saba cewa wai inji ba ya tashi sai an ba shi jini.

Ga abin da ya biyo baya. Mata sun koma turmi da dutsen niƙa. Uwargidana ta je suna, aka janye mata tabarma. A masallaci sai in ga gurbi a sahu, dama da hagu. Ranar Talata wasu samari suka shigo ba sallama, suka buɗe ramin ruwan sanyaya inji suna zura gora a ciki. Maƙwabcina Obi mai kantin kwanuka, wanda ba ya shiga sha'anin kowa, ya fara kwashe kayansa zuwa Sabon Gari. Ya ce mini, "Malam, bangonmu ɗaya, in naka ya kama nawa ma ya kama."

Kun sanar cewa ranar Asabar za a ƙare wasan. An riga an yanke a teburin shayi cewa Sufeto zai bi ƙarar nan har inda take fitowa. Akwatin yana kallon ƙofata. A cikin rumfar akwai gangar man inji, bayan bangon kuma ɗakin 'ya'yana ne. Ina karen mota na taɓa ganin abin da taro ya yi wa wani a tasha a kan zargin da daga baya aka gane ba shi ba ne. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ranka ya daɗe. Ba a ma samu abin kaiwa ba.

Ban ce ka gaya mini ƙarshen wasanka ba, sana'arka ce. Ga roƙona: a cire ƙarar injina daga kashin ƙarshe, ku sa kukan jaki ma in kun ga dama. Kafin a fara, a sanar cewa labarin ƙirƙira ne, a faɗi yadda aka ɗauki ƙarar da abin da aka ce mini za a yi da ita. Kada mai karanta labarai ya sa baki a wasan ranar, shi dai ya karanta sanarwar, tunda shi ake gaskatawa. Sannan ku yi cigiyar Ɗanjuma. Duk wanda ya gan shi a Jos ya ce masa ya aiko ko da saƙon baki ne.

Ranar Juma'a zan kai iyalina Kwangila wurin ƙanena. Ni ba inda za ni. Ranar Asabar zan kashe inji, in cire masa bel, in buɗe ƙofa, in zauna a kan buhu inda kowa zai gan ni. Iyakar abin da ke hannuna ke nan. Saura yana hannunka.

Allah ya ƙara maka girma, ya kare ka da zuri'arka daga zargin da ba ku ji ba ba ku gani ba, ya sa takardar nan ta riske ka kafin Asabar.

Wassalam.

Naka,
Iro mai inji,
Tudun Wada, Zariya.