Takobin da Baba Bai Gani Ba

Badariya, Birnin Kebbi.

Zuwa ga Yayana Abdussamadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali a can Kumasi, ina sake yi mana ta'aziyyar Baba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Inna Kulu ta dawo wurina da zama, tana samun sauƙi, sai dai abinci ne har yanzu sai an lallashe ta.

Ka tambaye ni a waya ko Baba ya ji daɗin takobin da ka aiko, kuka ya hana ni ba ka amsa. Ka san tun da ambaliya ta rushe ɗakinsa a Argungu ta tafi da takobin kakanninmu, bai ƙara sakewa ba. Ranar da naka ya iso ya yi murna ƙwarai, ya yi ta sa maka albarka. Da yake idonsa ya yi rauni, da hannu ya duba shi. Ya zare shi daga kube, ya jinjina, ya bi ruwansa da yatsa har ƙarshe. Can ya ce aikin ya yi kyau, amma wanga ba irin namu ba ne. Ya ce ya cika nauyi, mahayi ba zai yini da shi ba. Namu kansa a zagaye yake, ba tsini, da layuka uku a ƙwaƙule a tsakiya, mariƙinsa kuma fata aka naɗa masa, ba wannan ƙarfe mai walƙiya ba. Ya roƙe ni kada in faɗa maka lokacin, don kada ranka ya ɓaci.

Daga nan ya sa ƙanenmu Mansur ya riƙa kai shi maƙerar Malam Kalilu a kan babur. Baba yana kwatantawa, Malam Kalilu yana ƙera sabon takobi. In ya shafa ya ji ba daidai ba, a mayar wuta. Yaya, rabon da in ga Baba yana dariya haka har na manta. Ana cikin haka ciwon ajali ya kwantar da shi.

Bayan an watse zaman makoki Malam Kalilu ya kawo takobin a naɗe cikin buhu. Ya tambaye mu ko ya yi kama da na asalin. Ni ban taɓa ganin wancan a zare ba, Mansur ma haka, Inna Kulu kuwa kubensa kawai ta sani a rataye. Malam Kalilu ya sunkuyar da kai, ya ajiye shi a kan buzun Baba, ya fita yana share ido.

Kai kaɗai ka taɓa riƙe na asalin kana yaro. Don Allah ka zo ka duba mana, ko da abin da ka tuna kaɗan ne.

Ka gaishe da Hanifa, da Abbas da Sumayya. Inna Kulu da Mansur suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Zuhura.