Jan Zare a Wuyan Hannu

Anti Merrin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Anti Jo da karenku mai haɗama. Ni kam ba lafiya.

Anti, fuskata tana jikin bas, wadda ke bi ta unguwarmu Mount Druitt, ta ƙofar cocinmu. Ga ni nan ina ta washe baki, kaina a kafaɗar masoyiyata Priya, tutar bakan gizo ta masu son jinsinsu a bayanmu, an rubuta wai jami'armu gidan kowa ce. Gwaggo Mele ce ta fara gani ranar Lahadi, kuma kin san mu 'yan asalin tsibiran Tonga, in yayar uba ta yi magana ko Baba sunkuyar da kai yake. Ta shigo da kayan coci a jikinta ta ce, "Lesieli, karatun da muka tura ki ke nan? Har da talla?" Na ce ƙawata ce kawai. Ta ce, "Rufe min baki! Ni ma na yi ƙawaye, ban taɓa kallon wata haka ba."

Ke kika gaya min dokar ƙungiyarmu ta jami'a ranar da na fara shigowa: wanda gidansu ba su san jinsinsa yake so ba ya ɗaura jan zare a wuyan hannu, duk hoton da zaren ya fito a ciki ke da kanki za ki goge. Ban taɓa shiga taro babu zare ba. Ki raka ni ofishin yaɗa labarai na jami'a mu ji ta ina suka samo shi. Baba ya ce kada in kwana a gida sai an yi zaman dangi.

Taki,
Sieli

*

Sieli 'yata,

Bayan gaisuwa, na karanta wasiƙarki kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Kada ki wahalar da kanki da zuwa ofishin nan, na riga na yi musu magana, sun yi alkawarin cire hoton. Ɗakin baƙinmu yana nan, Jo ta ce ki zo ko yau. Na san da zafi yanzu, amma wata rana ƙila ki ga sauƙi ne ya zo miki ta hanyar da ba ki so.

Ki kula da kanki.
Merrin

*

Malama Merrin,

Ina gaisuwa. Na je ofishin.

Mutumin da na tarar ya ce, "Haba 'yar'uwa, mun san dokar zarenku, ba ma wasa da ita." Ya juyo min da kwamfuta. Hoton daga wurinki ya zo, an yanke shi daidai gwiwar hannuna, wuyan hannun bai fito ba. Na nemo Callum, ɗan ƙungiyarmu da ya ɗauki hoton, ya nuna min na ainihi. Zarena yana nan ja wur, ko daga nesa ana ganinsa.

Shekara uku ina yi miki kuka a kan kujerar nan mai karyayyar ƙafa. Kin san sunan Gwaggo, kin san yadda nake ajiye wayata a kife a teburin abinci. Ba mantuwa ba ce, zama kika yi kika yanke. Me ya sa?

Lesieli

*

Sieli,

Ina gaishe ki. Ba zan musa ba. Hukumar jami'a ta so karɓe ɗakin ƙungiyarmu, suna cewa ƙungiyar ta farar fata ce zalla, ba ta amfanar kowa. Na duba hotunan duka, naki ne kaɗai zai rufe musu baki. An ce min a cikin harabar jami'a kawai za a liƙa, ban san da maganar bas ba. Ki tuna da yara da ma'aikatan da ba su da wani wurin shan iska sai ɗakin nan.

Kuma ni sai da na kai arba'in kafin in gaya wa mahaifiyata cewa mata nake so, ta rungume ni, na yi ta nadamar shekarun da na ɓata. Ban so ki yi irin asarata ba. Ki zo taronmu na ranar Laraba mu yi magana.

Mai ƙaunarki har kullum,
Merrin

*

Malama,

An yi zaman dangi jiya. Ba wanda ya rungume ni. Yayana Sitiveni ya kawo min kayana a jakar shara har gidan su Priya, ya ajiye a bakin ƙofa bai kalle ni ba.

Wata sabuwar yarinya 'yar tsibiran Samoa ta tare ni a tashar jirgi, ta ce a raɗa, "Yaya, da gaske in na ɗaura zaren ba abin da zai fita?" Na gaya mata gaskiya. Na gaya wa sauran ma. Daga yanzu a garejin su Callum za mu riƙa haɗuwa.

Na ji an bar miki ɗakin, ina taya ki murna. Ranar Laraba kada ki dafa shayi da yawa.

Ki huta lafiya.
Lesieli Fonua