Ramin da Nibaldo Ya Hana Ni Shiga

Litinin, 4 ga Maris

Yasna ta zo da rana ta ajiye tikiti uku a kan tebur. Wai kyautar cikarmu shekara hamsin da aure ce, za ta kai ni da babanta can sama, tsohon garinmu na kan dutse. Yanzu ya zama wurin 'yan yawon buɗe ido. Garin da na haife ta ita da Rigo, yau sai da tikiti zan shiga. Na yi dariya har shayi ya ƙware ni.

Sai ta ce har cikin tsohon ramin jan ƙarfen ake kai mutane. Mata ma.

Mijina Nibaldo ya ajiye kofinsa. "Gari dai babu laifi. Rami kuwa ni zan shiga, ku jira ni a waje."

Na kwashe kofuna. Amma shiga kam sai na yi.

Laraba, 6 ga Maris

Kusan shekara talatin mutumin nan ya yi a cikin ramin can. Na san takalmansa, na san ƙurar da nake wankewa daga wuyan rigarsa, na san tarin da ya fito da shi. Cikin ne ban sani ba. In na ce yaya aiki, sai ya ce lafiya. Shi ke nan labarin shekara talatin.

A zamaninmu mace ko bakin ramin ba ta zuwa. Sun ce dutse ba ya son ƙafar mace, in ta shiga sai ya karɓi rai. Wata shekara matar wani babba ta shiga kallo da rigar sanyinta mai tsada, ba a yi kwana biyu ba dutse ya rufto kan Evaristo, aminin Nibaldo. Wannan ma a wurin wanki na ji daga bakin mata, ba daga bakinsa ba.

Likita ya faɗa mini abin da ya faɗa game da huhunsa. In tsohon nan ya tafi bai ba ni labari ba, ni kuma ban gani da idona ba, to rabin miji na aura. Abin da ke cina ke nan.

Asabar, 9 ga Maris

Mun yi faɗa. Na ce masa yanzu mata ne ma ke tuƙa manyan injina a ciki, kowa ya sani.

"Su ba matata ba ne."

"To ni ce dutsen ya sani da suna?"

"Rigo yana cikin dutsen nan, tsohuwa."

Nan ya taɓa ni inda ke ciwo. Gaskiya ne ɗanmu yana aiki a sabon ɓangaren, can ƙasa da inda za a kai mu. Na ce yana nufin zan kashe ɗan da na haifa ke nan? Ya tashi ya tafi wajen tumatirinsa. Hali zanen dutse.

Lahadi, 10 ga Maris

Ya ƙi cin wake da kabewar da na dafa. Ban roƙe shi ba. Da na dawo daga coci dai na ga tukunya ta ragu.

Talata, 12 ga Maris

Na leƙa ta taga na gan shi yana hawa yana sauka a matakalar bayan gida. Gwaji yake yi saboda garin can babu titi ko ɗaya, matakala ce daga ƙasa har sama. Hawa kaɗan, sai ya dafa bango yana neman numfashi. Na koma kicin kamar ban gani ba.

Na kira Rigo. Dariya ya yi. "Mama, shiga abinki. Kada dai ki ce wa Baba ni na faɗa, ina son kunnuwana."

Juma'a, 15 ga Maris

Na gasa empanada, wato fulawa mai nama a ciki, na fito da rigunan sanyi. Shi kuma ya goge tsofaffin takalman aikinsa har suna ƙyalli, kamar ango. Ba ma magana sosai, sai dai miƙo gishiri.

Asabar, 16 ga Maris

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta tun ban manta ba.

Bas ta yi ta hawa da mu har kunnuwana suka toshe. Garin yana nan, an yi wa gidajen fenti ja da shuɗi da rawaya, sun fi lokacin da muke ciki kyau. Namu benen an rushe shi, sai tushe. Na nuna wa Yasna inda nake shanya, da inda ta faɗi ta fasa haɓa. Nibaldo kuwa kowane hawa kaɗan sai ya tsaya, wai kallon duwatsu yake. Duwatsun da ya yi rabin rayuwarsa yana kallo bai taɓa yaba su ba.

Mai yi mana jagora wata yarinya ce, Danitza, da hular kwano a kanta da fitila a goshi. Ya yi ta kallonta, daga ƙarshe ya kasa haƙuri.

"'Yata, ke ma kina shiga?"

"Kullum, Baba Nibaldo. Dutsen ya gaji da ganina."

"To Allah ya kyauta."

A bakin ramin aka raba mana huluna. Danitza ta dubi leɓen Nibaldo, ni ma na duba, ya yi duhu. Ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai auna numfashi, ta daɗe tana kallonsa. Ta ja shi gefe, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada sauran su ji. Ta ce ta yi haƙuri ƙwarai, ba za ta iya shiga da shi ba.

Na zaci zai tayar da rigima. Bai yi ba. Ya ce to, ya je ya zauna a kan benci da hular a cinyarsa. Wannan "to" ɗin ta fi tarinsa tsorata ni.

Na zauna kusa da shi, na ce ni ma na fasa. Da gaske nake. Na miƙa wa Yasna hulata na ce ta mayar. Ya yi ta jujjuya tasa a hannu. Can sai ya kifa mini ita a ka, ya ja igiyar ya ɗaure a ƙarƙashin haɓata.

"Mun taho tun daga ƙasa. Ba a zuwa ƙofar mutum a juya ba gaisuwa. Wani daga gidanmu ya shiga."

"Rigo fa?"

"Ki nemi izinin dutsen kafin ki sa ƙafa. Da ƙarfi, ba a zuci ba. Kuma kada ki yi fito a ciki."

"Yaushe ka taɓa jin na yi fito, tsoho?"

"Ke ai ba a shaidarki."

Yasna ta ce za ta zauna da shi. Na tsaya a bakin rami na ce da ƙarfi, da izininka, matar Nibaldo ce. Wasu baƙi suka ɗauke ni hoto, sun zaci cikin shirin ne.

Ciki sanyi, ga ruwa na ɗiga ta ko'ina, bangon ya yi kore-kore inda jan ƙarfe ya tsatso. Wani wurin ni da gajartata sai da na sunkuya, shi kuwa dogo ne. Danitza tana ta bayani, ban ji rabi ba. Da muka yi nisa ta ce kowa ya kashe fitilarsa, a yi shiru.

Ban taɓa sanin akwai duhu irin wannan ba. Na kai hannu har ya taɓa hancina ban gan shi ba. Sai ɗigar ruwa, sai nauyin dutsen gaba ɗaya a kanka. Na tuna shi yana saurayi siriri, da burodin da nake naɗe masa a aljihu, yana shigowa nan kowace safiya. Ya fito in tare shi da ƙorafin rufi na yoyo. Na yi kuka, na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa da bai taɓa faɗa mini ba. Kafin a kunna fitilu na share fuska.

Da muka fito ba ya kan benci. Yana tsaye jikin ƙofar ƙarfe ya riƙe ta da hannu biyu, iska na kaɗa shi. Yasna ta ce tun da na shiga ya ƙi zama, ta yi magiya har ta gaji.

"Kun daɗe," ya ce.

"Ba mu daɗe ba."

Ya dube ni daga sama har ƙasa kamar mai ƙirga ko na fito da gaɓoɓina cif. "Haka kika riƙa jirana kullum a gida?"

"Kullum. Wani lokaci da goyo."

"Ban sani ba, tsohuwa."

A bas ya yi barci a kafaɗata. Shi ya cinye empanada uku kafin nan.

Talata, 19 ga Maris

Muna ɓare masara a tsakar gida, haka kawai ya ce ko na lura da wata kwana ta hagu inda rufin ya yi ƙasa. Na ce har na buge kai. Ya ce to gaba kaɗan da nan suke zama cin abinci shi da Evaristo.

Daga nan ya ɗauko. Tun daga safiyar ranar, abin da suka ci, wasan da Evaristo ya yi masa, har yadda suka tono shi da hannu. Yana yi yana tsayawa numfashi, ban katse shi ba ko sau ɗaya, ni da ba na iya riƙe bakina. Ba zan rubuta a nan ba, nasa ne. Masarar dai ba mu gama ta ba.

Alhamis, 21 ga Maris

Rigo ya sauko hutu yau, lafiyarsa lau, ya cinye rabin tukunya. Tun Asabar ban yi barcin kirki ba, amma ina jin gajiyar matakala ce.

Yasna ta yi waya, wai baɗi sai mu koma da jikoki, in sake shiga da su in nuna musu. Na ce mata garin dai zan je, rami kuwa gani ɗaya ya isa, zan jira su a waje da babanta. Ba wai na yarda da camfinsa ba ne. Rigo dai har yanzu a ciki yake aiki.