Yatsa Biyu na Albarushi

Daren Laraba, tsakiyar Rajab, Tarka.

Alhamdu lillahi, yau akwai nama a gida. Tun da kafaɗata ta soma ciwo na rage ɗurin bindigata, yatsa biyu na albarushi maimakon huɗu. Dama Nasara sun sa ya yi wuyar samu. Yayana Ɗanjuma ya yi ta dariya, wai ɗurin korar tsuntsaye ne. Shi ya danna biyar.

A kwari muka tarar da bareyi, muka harba tare. Tasa ta watsa shi cikin ƙarangiya, bai sami komai ba. Tawa ko girgiza ni ba ta yi ba, barewa ta faɗi.

Ɗazu Ɗanjuma yana gasa kafaɗar barewar, bakinsa cike da hanta, ya ce a hankali, "Kai Audu, yatsa nawa ka ce?"