Hoton da Baba Ya Rataye

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama, ya yara? Ni lafiya lau, har ƙiba na yi.

Na ji Baba ya rataye hotona a falo, wanda nake murmushi a cikin ɗakin injin da ke gwara ƙwayoyin zarra, a cibiyar da nake bincike. Ba a shiga wurin sai injin yana kashe. Tun zuwana aka kashe shi, gyaran shekara uku, daidai wa'adin bincikena. Farfesa ya sani da ya ɗauke ni. Na ce me zan rubuta, ya ce, "Haƙuri ma kimiyya ne." Wayoyi nake gwadawa kullum.

Kar ki gaya wa Baba. Ki dai riƙa goge gilashin hoton, shi kaɗai ne sakamakona zuwa yanzu.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki