Bakwai ɗin da na yanka

Asabar, 5 ga Oktoba
'Yata Shuruk ta fara wani ajin kwamfuta. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe, wani kamfani a Alƙahira zai ɗauke shi. Na ce mata nan Tanta ma muna da lantarki. Ko murmushi. Uwarta ce kaɗai ke dariyar zancena, Allah ya jiƙanta, ita ma don tausayi.

Talata, 8 ga Oktoba
Wai jera lambobi suke koyo, daga ƙarami zuwa babba. Na ce, "Injiniya, wannan na iya shi tun kafin a kore ni daga aji huɗu." Ta ce na'ura za ta koya wa. A raba tuli biyu, kowane rabi a sake ba shi wannan umarnin ya raba kansa, daga baya a dawo ana haɗawa a jere. Na ce raba dai gidanmu ya ƙware. Wanta Husam na Kuwait, uwarsu na maƙabarta.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Abin nata ya ƙi. Na'urar ta yi ta juyi har ta sume. Allah ya yafe mini, yau waken ya yi mini daɗi.

Litinin, 14 ga Oktoba
Shagon askina a rufe, kamar kowace Litinin. Ta ɗauko kartar da muke bugawa da abokina Girgis a wurin mai shayi.
"Baba, yau kai ne kwamfuta. Abin da na rubuta kawai za ka yi, ban da wayo."
"Da akwai wayon, da kan mutane zan ƙare?"
Tana karantawa ina rabawa, har kati ɗaya ya rage a gabana, mai lamba bakwai. Ta ce in wuce. Na ce takardarki ba ta ce a wuce ba, raba biyu ta ce. Na zaro almakashi na raba shi. Na sake raba rabin. Niyyata ta ƙule ta tashi ta dafa mana shayi.
Ta daɗe tana kallon guntayen. "Ban gaya masa inda zai tsaya ba," in ji ta. Ta sumbaci sanƙona ta ruga ɗaki. Layi ɗaya ta ƙara: idan guda ya rage a bar shi, a jere yake. Nan take abin nata ya yi aiki.
Da hannuna na share mata hanyar Alƙahira. Da almakashina.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Ta ci. Girgis ya ce, "Barka, Abu Husam, ka haifi injiniya." Na ce Alƙahira na haifa wa. Sai mita yake wai karta babu bakwai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Tashar jirgin ƙasa. Ta ce, "Za ka iya kai kaɗai?" Na ce ke kika rubuta, guda ɗaya a bar shi, a jere yake. Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Wannan rabin aikin ne, Baba."
Na nemi abin barkwanci ban samu ba. Sai a mota ya zo mini, kuma ba mai daɗi ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Na sayo gurasar mutum biyu. Jaki.

Litinin, 18 ga Nuwamba
Na liƙe bakwai ɗin da salatif. Zaman banza ya sa na gwada dabararta a kan tebur. Rabawa ba wuya, wajen haɗawa na rikice. Na kira ta, saboda kartar kawai. Ta ce in duba na saman kowane tuli in ɗauki ƙaramin, in yi ta yi har su zama ɗaya. Tun a karon farko na gane. Na ce ban gane ba, kan ɗan aji huɗu gare ni. Ta yi dariya, ta gaske, irin ta uwarta ranar da ba tausayi. Ta ce ranar Alhamis za ta zo ta nuna mini da hannu.
Gadonta dai na kakkaɓe. Ƙura ce ta yi yawa.